Ni da Babur a Kwana

Tun da na fara zuwa fili domin ƙara gogewa a tuƙin babur, na gane cewa saurin da nake nema yana cikin yadda nake shan kwana. Yanzu nakan rage gudu da giya tun babur yana miƙe, in matse tanki da gwiwoyina, in kai idona inda kwanar take ƙarewa, sannan in riƙa murza totur a hankali har in fita. Birkin gaba na fi ba lokaci, domin shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, kuma ba ya son a fizge shi. Idan gudu ya tashi daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, tazarar da birki ke buƙata takan ninka sau 4.