Faifan da Linux ya kora ba lallai ya mutu ba

Duk mai kula da sabar Linux ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan ya duba /proc/mdstat, fayil ɗin da ke nuna halin da faifai suke ciki, ya ga [U_] a inda ya saba ganin [UU]. Wato ɗaya daga cikin faifai biyun da ke kwafar juna, tsarin RAID 1, ya fita daga sahu. Nan take sai ka ji an ce faifai ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Aiki ya koya mini in dakata tukuna, in karanta abin da dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, da smartctl, mai duba lafiyar faifai, suka ce.

Sau da yawa rashin jituwar lokaci ce kawai. Faifan da aka ƙera don kwamfutar gida, in ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa, sai ya nace a kai, wani lokacin har minti biyu, bai ce uffan ba. Linux kuwa daƙiƙa 30 yake jira. Da ya ji shiru sai ya ɗauka faifan ya tafi, ya kore shi. Abin takaicin, kwafi mai kyau yana nan a ɗaya faifan. Da na farkon ya amsa da wuri cewa ya kasa, da an ɗauko daga ɗan'uwansa an rubuta a kan gurbin, magana ta ƙare. Maganin bai kai layi biyu ba: smartctl -l scterc,70,70 zai sa faifan ya haƙura bayan daƙiƙa 7. In faifan bai san wannan umarni ba, a ɗaga jiran Linux zuwa daƙiƙa 180 a /sys/block/sdb/device/timeout. Sai dai ana sake saitawa duk lokacin da na'ura ta tashi, kuma mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, gara a sa shi cikin abin da ke gudana da kansa.

Sunayen da Linux ke ba faifai, irin su sda da sdb, ma ba abin dogaro ba ne, suna iya musaya bayan an kunna. Kafin in taɓa komai nakan duba --examine na mdadm, manhajar kula da RAID, in kwatanta lambar Events ta kowane faifai, wato ƙidayar canje-canjen tsarin da ya shaida. Mai ƙaramar lamba shi ne aka bari a baya. Kuma ban yarda a buga --create, umarnin mdadm na gina sabon tsari, a kan tsarin da ke ɗauke da bayanai ba, komai gaggawar oga. Aikin --assemble ne, mai sake haɗa tsarin da ke akwai.

RAID 0 shi ba ya da wannan rangwame, tunda yanka bayanai yake yi ya rarraba, babu kwafi. A Linux 3.14 an canza yadda yake jera su a kan faifai masu girma daban-daban ba da niyya ba, har sai da 5.4 ya fara ƙin haɗa irin wannan tsari sai an faɗa masa wane jeri aka bi. Wanda bai rubuta da wane Linux ya gina nasa ba, sai ya gwada jerin biyu a yanayin karatu kawai, ya ga wanda fayilolinsa suka buɗu lafiya.