Zakuna biyar, biro uku

Voltron ɗin da mu masu zane muke zanawa yanzu bai taɓa fitowa a talabijin ba. Na san maganar ba za ta yi wa wasu abokan zanena daɗi ba, amma ga fili ga mai doki. Rubuta sunansa a Instagram ko DeviantArt ka ga abin da zai fito: ƙaton mutum-mutumin ƙarfe tsaye cikin hayaƙi, an fitar da kowane noti, tsatsa ta ci gefen kafaɗa, hasken takobi na sauka a kan haƙoran jan zakin da ke hannun dama. Daga nan ka nemo ainihin shirin na 1984, katun ɗin da zakuna biyar na ƙarfe ke haɗewa su zama wannan ƙato, ka kalle shi da idon babba. Fuskoki a daskare, baki kaɗai ke motsi. Zane guda ake ja daga wannan gefe zuwa wancan a ce maka jirgi ne ke keta sararin samaniya. Wani lokacin ma mai magana ƙeya zai juya maka, don kada a sha wahalar zana leɓensa.

Ba lalaci ba ne, kuɗi ne. Fim na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma a wancan zamani da hannu ake zana kowane motsi a kan wata leda mai kauri da ake gani ta cikinta, a shafa fenti ta baya, a ɗora a kan zanen wuri, a ɗauki hoto, a cire, a sa na gaba. Masu katun na talabijin ba su da kuɗin wannan aiki, sai suka riƙa yi wa zane abin da uwargida ke yi wa miya idan baƙi sun yi yawa. Zane ɗaya ya tsaya a hoto uku ko fiye. Kamfanin Hanna-Barbera har kwala da nakatayi ya riƙa sa wa dabbobinsa, don a raba kai da gangar jiki, a sake zana kan kawai a bar jikin yadda yake. Shi kuwa Voltron, wurin da zakunan nan biyar ke haɗewa su zama mutum guda, zane ɗaya ne ake maimaitawa kusan a kowane kashi.

Turawan Amurka da suka girma da waɗannan shirye-shirye, idan suna begen su, safiyar Asabar suke ambata. Tun daga shekarun 1960 manyan tashoshinsu uku, ABC da CBS da NBC, suka ware wa yara wannan safiya, saboda babu makaranta, iyaye na barci, masu tallan kayan wasa da abincin karin kumallo mai sukari kuma sun san inda za su sami yaro shi kaɗai. A nan Space Ghost ya fito a 1966, The Herculoids a 1967, dukansu daga alƙalamin Alex Toth, mutumin da har gobe masu koyon zane ke bin takardunsa na baƙi da fari suna nazarin yadda yake faɗin abu mai yawa da layi kaɗan. Al'adar ta fara mutuwa bayan dokar 1990 da ta ƙayyade talla a shirye-shiryen yara ta kuma buƙaci masu ilimantarwa, ga tashoshin da ke nuna katun dare da rana sun shigo. NBC ta janye a 1992, sauran suka bi a hankali, na ƙarshe ya rufe a tashar CW a watan Satumba na 2014.

Mu a unguwarmu a Kano, safiyar Asabar ta Islamiyya ce. Wa zai bar ka gaban akwati ana karatu? Katun ɗinmu na yamma ne, bayan la'asar, idan NTA ta buɗe tasha. Abin dariyar shi ne, ko a can Amurka Voltron da He-Man da ThunderCats ba na waccan safiya ta manyan tashoshi ba ne, ƙananan tashoshi aka sayar wa, yawanci suna nuna su ranakun mako bayan an tashi daga makaranta. Bege ne ya tattara su duka ya zuba a Asabar.

Talabijin ɗin gidanmu mai baƙi da fari ce, irin mai ƙofar katako da ake ja a rufe, makullin yana wurin Baba. Idan lokaci ya yi, yaran layinmu su cika ɗakin har bakin ƙofa, takalma tuli a waje. Babu tsayarwa, babu mayarwa baya. Abin da idonka ya kama shi ne rabonka, idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, shi ke nan, sai dai kowa ya ƙarasa labarin da bakinsa a kan dakali. To mu masu son zanawa sai muka raba aiki. Tunda mun gane cewa wurin haɗewar nan kullum iri ɗaya ne, sai a ce kai yau ƙafar dama za ka kalla, kai hannun hagu, kai ƙirji da tambarin da ke kansa, kai kuma fukafukan baya. Kada ka kalli komai sai naka. Ana gamawa mu fito zaure, a buɗe tsakiyar littafin lissafi a ciro falle biyu, kowa ya zana abin da ya gani kafin ya gudu daga kansa. Abin da kamfani ya yi don tsimin kuɗi, shi ya zama mana makarantar zane.

Wahalar tana wurin ƙafa. Yadda zaki ke naɗe ƙafafunsa, kansa ya koma tafin ƙafar Voltron, abu ne da ke wucewa cikin ƙiftawar ido, kuma wanda aka ba wannan aiki kullum da sabon bayani yake zuwa. Shi ya sa Voltron ɗinmu ya daɗe yana sanye da wani abu mai kama da takalmin soja da kunnuwa.

Kala kuwa labari muka samu. Yayana ne ya je gidan wani abokinsa a Nasarawa inda ake da talabijin mai kala, ya dawo yana lissafa mana: baƙin zaki shi ne kai da ƙirji, ja hannun dama, kore hannun hagu, shuɗi ƙafar dama, rawaya ƙafar hagu. Ya ƙara da cewa shugabansu jan kaya yake sawa amma baƙin zaki yake tuƙawa, mai tuƙa jan zakin kuma shuɗin kaya gare shi. Aka yi ca a kansa, aka ce wane irin hauka ne wannan, Yaya dai ya ruɗe. Haka abin yake a shirin, kuma har yau masu zane a intanet na musu a kan ko a gyara ko a bari. Biro uku muke da su, shuɗi da baƙi da ja. Kore sai a murza ganyen darbejiya a kan takarda har ya ba da ruwa. Rawaya kuma gangamau ake ɗan lakutowa daga madafi a jiƙa da yawu. Takardar ta yi laushi, ta yi wari, ta kan huje idan ka matsa, amma zakuna biyar sun fito kowa da kalarsa.

Wata rana irin wannan takarda ta faɗo daga cikin littafina a Islamiyya, Malam ya ɗauka. Mun riga mun ji a karatu abin da aka ce game da zana mai rai, don haka cikina ya ɗuri ruwa.

"Wane ne wannan?"

"Allah gafarta Malam, ba mai rai ba ne. Inji ne, mutane ke shiga ciki su tuƙa."

"To waɗannan kawunan da ke hannunsa fa?"

"Su ma ƙarfe ne, Malam."

Ya daɗe yana duba ta, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. "Ƙarfe da haƙora," in ji shi. Ya ninke ta ya miƙo mini, ya ce in kawo haddata. Malamai suna da maganganu a kan wannan mas'ala, ni ba a nan zan yanke ta ba. Abin da na sani shi ne hannuna a kan ƙarfe ya koyi aiki, kuma har yanzu idan ka duba zanena za ka ga inji da sulke da hular kwano sun fi fuska yawa.

Sai da na girma intanet ta zo na san cewa abin da muka kalla gyararre ne. Asalinsa na Japan ne, kamfanin Toei ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, kashi 52. Wani kamfani a birnin St. Louis, World Events Productions, ya saye shi, ya yanke jini da kisa, ya sake rubuta maganganun, ya ce sojojin da ake hallakawa injuna ne. Akwai matuƙin shuɗin zaki na farko, Sven, wanda aka ce mana ya ji rauni an kai shi wata duniya jinya, gimbiya ta karɓi zakinsa, daga baya ya dawo. A na Japan mutuwa ya yi tun a farkon shirin. Wanda ya bayyana daga baya ƙaninsa ne mai kama da shi, Amurkawa suka haɗe su suka mai da su mutum ɗaya. Yanzu ka duba zanen masoya ka ga yawan waɗanda ke zana wannan mutuwa da ba a nuna musu ba. Jafanawa suka zana, Amurkawa suka yanke, mu aka ɗauke mana wuta a kan sauran. Kowane mai kallo da giɓin da aka bar masa, kuma a cikin giɓin yake sa alƙalaminsa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a katun ɗin Dungeons & Dragons, wanda ni ta hanyar zanen mutane na san shi, ba a yarinta ba. CBS ta nuna shi safiyar Asabar daga 1983 zuwa 1985, kashi 27. Yara shida ne suka hau lilo a wurin wasa, suka tsinci kansu a wata duniyar matsafa da dodanni, kullum suna neman hanyar gida, kullum tana kuɓuce musu. Aka dakatar da shirin ba su koma ba. Marubuci Michael Reaves ya rubuta kashin ƙarshe, ba a taɓa zana shi ba. A Brazil, inda aka yi ta maimaita shirin shekara da shekaru, abin ya zame wa mutane ƙaya a maƙogwaro, har jita-jita ta bazu cewa yaran tun farko matattu ne. A 2019 kamfanin Renault ya yi tallan mota a can da mutane na gaske sanye da kayan yaran nan, ya sa su a mota ya mai da su gida, manya suka yi ta yaɗawa. A 2020 kuma wasu masoya suka ɗauki rubutun Reaves suka harhaɗa kashin da kansu, suna tsintar motsi daga tsofaffin kashi suna ƙara nasu, suka sa a intanet. Shekara 35 bayan an kashe shiri, ba wanda ya biya su ko sisi.

Kamfanoni sun gano akwai kuɗi a wannan bege, tunda yaran jiya su ne masu albashi yau. An sake ThunderCats a 2011 da kuma 2020, Voltron a Netflix daga 2016 zuwa 2018, He-Man a 2021. Kowanne ya fito sai an yi rigima, ƙattai masu furfura suna kukan an ɓata musu yarinta. Ni ban cika shiga wannan ba. He-Man tun asali kamfanin Mattel ya fara fitar da 'yar tsanarsa a 1982, shirin ya biyo baya a 1983 don a sayar da ita. Wanda aka yi wa talla yana ɗan shekara takwas bai kamata ya yi mamakin an dawo masa da wata yana ɗan arba'in da biyar ba.

Abin da ya fi damuna hotunan da ake sa kwamfuta ta ƙirƙira ne, waɗanda suka cika ko'ina yanzu. Sheƙi kamar me, hayaƙi, tartsatsi, amma ka ƙirga zakunan ka ga shida, ko ka ga jan a ƙafa. Kuskurenmu na zaure na wanda ya ƙura ido ne bai gani sosai ba. Wannan kuwa babu wanda ya kalla. Zanen da ke tsayar da ni shi ne wanda za ka gane wane ɓangare ne ya tsaya wa mai shi a rai. Wani ya ɓata mako a kan makullan da ake sa wa zakunan kafin su tashi. Wata ta zana mayyar nan Haggar zaune ita da kyanwarta, babu faɗa babu takobi, tsohuwa ce kawai ta gaji. Ni nawa ƙafar nan ce. Yanzu ina da allon zane na kwamfuta, ina iya tsayar da bidiyo hoto bayan hoto, na ga yadda zakin ke naɗewa, kuma na tarar ko su masu shirin ɗan maguɗi suka yi a wurin, wani sashe ɓacewa kawai yake yi. Sai na zauna na ƙirƙira masa gaɓoɓi da maɗaurai yadda zai naɗu da gaske idan da maƙeri zai ƙera shi.

'Yata ta tarar da ni ina wannan aiki. Ita na 2016 ta sani. Ta leƙa ta nuna ƙaramin matuƙin koren zaki mai tabarau da na sa a gefe.

"Abba, me ya sa ka yi Pidge kamar namiji? Ai mace ce."

"A namu namiji ne."

"To naku ba daidai ba ne."

Na yi mata bayanin 1984, na yi mata na Japan, ta saurara har ƙarshe ta ce duk da haka. Muka rabu a kan kowa ya zana nasa a kai wa mutanen gida su zaɓa. Nata ya ci, har da ƙuri'ar mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa kallon ko ɗaya daga cikin biyun ba.