Cigiyar ɗan dodon roba mai hannuwa da yawa

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Ina fata kowa yana lafiya tare da iyali. Cigiya ce ta sa na rubuto yau, kuma abin da nake cigiyar bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba.

Wata Lahadi na bi ta kasuwar tsofaffin kaya a nan Ingila, irin wadda mutane ke buɗe bayan mota su baje tarkacen gida. Wani dattijo ya ajiye bokiti cike da 'yan mutum-mutumin roba na wasan yara. Na sa hannu na ɗebo. Kafin ma in dube su da kyau warin robar ya bugi hancina, sai ga ni ɗan shekara bakwai, kwance rub da ciki ina haɗa dodanni biyu dambe. Akwai guda da nake ji da shi a lokacin: kore ne, mai taushi, hannuwansa sun fi biyu, kuma na tauna ƙafarsa ta hagu har ta lanƙwashe. Na zazzage bokitin nan kaf, babu irinsa. Tun ranar ya hana ni sakat.

Da dare na kira Yaya. "Yaya, ka tuna ɗan dodon nan kore da muke faɗa a kansa?" Ya ce ai ja ne. Har rantsuwa ya yi cewa yana da fukafukai. Mun kai rabin awa muna musu, mutum biyu masu furfura a gemu. Abu ɗaya kawai muka yarda da shi: akwai rubutu a bayansa. Nan ma ni na ce lamba ce, shi ya ce haruffa ne.

Intanet bai raba gardamar ba. Ka rubuta "ɗan dodo kore na roba", hotuna dubbai su zubo maka, kowanne ka kalla sai ka ji kamar shi ne. Manhajar da ke gane abu daga hoto kuwa sai kana da abin a hannu. Sai da na faɗa hannun masu tara irin waɗannan kaya na gane yadda ake binciken. Su ba ruwansu da launin da ka tuna, don kamfani yakan zuba siffa ɗaya a launuka da dama. Tambayarsu ita ce: yana lanƙwasuwa ko tauri gare shi? Akwai gaɓar da ke motsi? Me aka rubuta a baya ko ƙarƙashin ƙafa?

Gaɓa dai ba ta motsi, wannan na tabbata, don na sha murɗa hannun. Da haka aka cire Battle Beasts, dabbobin yaƙi na kamfanin Takara da Hasbro ya kai Amurka a 1987, masu hannu mai juyawa da wani tambari a ƙirji da in ka murza yake nuna wuta, ruwa ko itace. Saura dangi biyu.

Na farko daga Japan yake. A 1983 kamfanin Bandai ya fara sayar da 'yan kokawar roba da ake kira Kinkeshi, cikin 'yan ƙwallaye da ke faɗowa daga na'ura idan an murɗa. Ƙarshen sunan daga kalmarsu ta abin goge rubutu yake, ko da yake duk yaron da ya gwada gogewa da su ya san takarda kawai suke ɓatawa. A 1985 Mattel ya kai su Amurka da sunan M.U.S.C.L.E., siffa 236, da farko duk ruwan hoda, daga baya aka ƙara launuka har da kore da ja. A bayansu akwai haruffa Y/S.N.T, kuma cikinsu akwai mai hannu shida. Da na karanta wannan na ce to, Yaya ya ci.

Ban gama sallamawa ba sai ga na biyu. Monster in My Pocket, wanda Matchbox ya fitar a 1990: dodanni 48 a zubin farko, roba mai taushi, ja da kore da rawaya da shunayya. Kowanne an buga masa maki a jiki, daga 5 zuwa 25, don yara su san wa ya fi wa ƙarfi. Lamba ke nan. Cikinsu akwai mai hannu huɗu, akwai kuma masu fukafukai. Wataƙila ma dodanni biyu muke magana a kai, ni da Yaya, shekaru suka narkar mana da su suka zama ɗaya.

Na zauna na bi hotunan dangin biyu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yi kusa, har gabana ya faɗi sau biyu, amma fuskar ba ita ba ce. Nawa fuskarsa a shafe take, kamar sabulun da aka fara wanka da shi, kuma yana da wani ɗan tozo na roba a gefe tun daga kai har ƙafa.

Wannan bayanin ne ya sa wani gwani a harkar ya ce min jabu nake nema. Ƙananan masana'antu kan sayi na asali, su yi mazubi da jikinsa, su riƙa zuba tasu robar. Wani kuma ya kwafa daga kwafin. Kowane zubi abin yana ɗan ƙanƙancewa, ido da haƙora suna dusashewa, sunan kamfani kuwa da gangan ake kankare shi. Tozon nan robar da ta tsiyaye ce a inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. Har sukan ɗauki kan wannan dodo su ɗora a jikin wancan. Abin da ya rage a jiki sau da yawa sunan wuri ne kawai, Hong Kong ko China, kuma ko shi yana da amfani wajen gane zamanin abin, don a shekarun 1980 ne masana'antun wasan yara na Hong Kong suka yi ta ƙaura zuwa lardin Guangdong. Na ji haushi da farko, ba zan ɓoye ba. Daga baya na ga ai jabun ya fi wahalar samu, tunda ba shi da suna, ba shi cikin kundin kowa.

Shi ya sa na dawo gare ku. In dai ya shigo hannunmu, to ya shiga hannun wasu yaran zamaninmu. Don Allah wanda tsohon akwatinsa ke nan, ya zazzage. In kun samu, ku ɗauki hoto uku: gaba, baya da ƙarƙashin ƙafa, ku ajiye biro a gefe don a ga girmansa. In kun ji yana danƙo kada ku jefar, man da ke sa robar taushi ne ke fitowa saboda daɗewa. Ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, a shanya a inuwa.

In kuwa ya fito ja mai fukafukai, ku fara turo min kafin Yaya ya gani.

Naku,
ɗan uwanku a Ingila