Na dawo gida, ga godiyata

Alhamdulillahi. An sallame ni daga asibiti bayan tiyatar da aka yi mini ta ciwon mata da ake kira endometiriyosis, ina gida, har ina iya takawa zuwa banɗaki ba tare da an riƙe ni ba. Ku yi mini uzurin rashin ɗaga waya, in na yi doguwar magana ɗinkin yana ja na.

Kun bi komai tun farko, ba sai na maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne washegarin tiyata, da likita ta zo da hotunan da kyamarar da aka zura ta cibiyata ta ɗauka. Umma na zaune a gefen gado. Likita ta nuna mata yadda nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a waje, a kan ma'ajiyar ƙwai ta hagu da bayan mahaifa, har ya manne da hanji. Duk wata shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba hanyar fita. Wannan ne endometiriyosis ɗin da nake ta ambata muku.

Umma ta daɗe tana kallon hoton. Can ta ce, "Duk wannan yana cikinki nake ce miki raki? Ki yafe mini."

Wallahi ban yi kuka a ƙofar ɗakin tiyata ba, a nan na yi. Tun ina shekara 14 nake murƙususu duk al'ada, ga amai, ga fashin makaranta. Aka ce kowace mace haka take. Aka ce in na yi aure zai daina. Aka yi auren, sai aka koma cewa sai na haihu. Umma, ba ki da laifi, abin da aka gaya miki kika gaya mini. Ashe ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na fama da shi, wajen miliyan 190. Ko nawa ne a cikinsu ake wa kallon raggwaye, Allah masani.

Maigida, na san ba ka son a yi maganarka a fili, yau dai ka yi haƙuri. Kai ne ka ƙi yarda da aka ce hoton ciki bai nuna komai ba. Auta, ke da kika kwana huɗu a kujera, kina wanke abin da ni kaina nake ƙyamar gani, Allah ya ba ki masu yi miki. Nas ɗin dare da ta riƙa leƙo ni ba a kira ta ba, ko sunanki ban tambaya ba, Allah ya san ki. Allah ya saka muku da Aljanna, ya raba ku da kwanciyar asibiti, ya jiƙan iyayenku, ya sa kada ku ga irin wannan a kan 'ya'yanku.

Waɗanda suka iya ƙirga mini shekarun aure ba haihuwa amma ba su sami hanyar asibiti ba, na san hidima ta yi yawa. Ba komai.

Masu tambaya ko na warke: likita ta ce ciwon yana iya dawowa, an ɗora ni kan maganin daidaita sinadaran jiki, zan koma bayan sati 6. Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Bari in kwanta, Auta ta fara hararar wayar nan.