Ɓoye-ɓoye ba shi ke riƙe mai karatu ba

Yawancin littattafan da ake turowa a guruf ɗin WhatsApp yanzu marubutan sun ɗauka dabara ita ce a ɓoye wa mai karatu komai, sai an zo daidai inda za a buɗe ƙofa a ce mu haɗu a feji na gaba, ko kuma a turo maka lambar asusu. Wannan ai jan rai ne kawai, kwana biyu ka manta da labarin.

Ku duba Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya a shekarun 1930. Mu masu karatu tun farko mun san Waziri ya ƙulla makirci, in Musa ɗan sarki ya kuskura ya fita daga gida ya faɗa tarko, shi ne kaɗai bai sani ba, ga aku yana ta zuba masa labari don dai a ja lokaci gari ya waye, kai kuma kana ta zullumi ko labarin zai kai asuba. Haka Hitchcock mai fim ya kwatanta da bam a ƙarƙashin tebur, in ya tashi ba zato firgitar ɗan kallo ta sakan 15 ce, in kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko to minti 15 zai yi zuciyarsa na dukan uku-uku.

Amma fa kowane irin labari da nasa. A na bincike irin na Agatha Christie an riga an yi kisan, tambayar ita ce wa ya yi, nan ɓoyewa ta halatta in dai an baza alamu a gabanka kai ne ba ka lura ba. Na farautar makashi kuwa daban ne, The Day of the Jackal, labarin wani shiri na harbe De Gaulle shugaban Faransa, ya fito a 1971 bayan De Gaulle ɗin ya mutu a gidansa a 1970, kowa ya san ba a harbe shi ba, amma ka kasa ajiye littafin don kana son ganin ta ina shirin zai rushe.

Wanda ya fi wuya a wajena shi ne na cikin gida, mace tana zargin ana zuba mata wani abu a kunu, kai kanka ba ka tabbata ko gaskiya ne ko ƙwaƙwalwarta ce ta fara taɓuwa ba. Marubutanmu suna da kayan wannan jingim, gidan kishiyoyi kaɗai ya isa, sai dai tun a feji na uku za su kai ka wajen boka ya tona komai, shi kenan an kashe labarin.