Yadda na dinga farautar tsofaffin katalog na kayan leburorin Turai

Abin da ya sa ni cikin wannan harkar ƙanina ne, tela ne a Kano, ya turo min hoton wata shuɗiyar jaket da wani kwastoma ya nuna masa a waya ya ce "Yaya don Allah tunda kana Faransa ka nemo min asalin yankan abin nan, na intanet duk hoton gaba ne babu baya babu ciki". Jaket ɗin ita ce Faransawa ke cewa bleu de travail, rigar aikin leburori da makanikai da ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda yanzu 'yan gayu suka mayar ta kwalliya. Ni kuma ina zaune a Lille, Roubaix tana nan kusa da mu jirgin metro ɗaya ne, kuma Roubaix ɗin ita ce gidan cinikin kaya ta gidan waya a Faransa, to sai na ce bari in nemo masa tsohon katalog kawai, wato littafin da kamfani ke jera kayansa da farashi don a yi oda, ya gani da idonsa.

Kowa ka tambaya La Redoute zai fara ce maka. Asalinsa kamfanin zaren ulu ne na Roubaix da aka kafa a 1837, katalog ɗinsu na farko ya fito a 1928, shafi 16 kacal, yawanci zaren saƙa ne a ciki. Sai 3 Suisses da suka biyo baya a 1932, su ma a Roubaix. Waɗannan in kayan zaman gida da na yawo kake nema, suwaita, rigunan bazara, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa na shekarun 1970, za ka ƙoshi. Amma kayan aiki? sai ka yi ta juya shafi har wajen ƙarshe, bayan singileti da safa, sannan ka ga 'yan shafuka an cusa su can. Ai da ma matan gida aka yi wa littafin, su ke yin oda.

Inda na samu abin da nake so Manufrance ne, na Saint-Étienne. Kamfanin bindiga da keke ne fa asalinsa, 1885 aka kafa shi, katalog ɗinsu suna ce masa Tarif-Album, kuma wallahi babu abin da babu a ciki: bindigar farauta, keken Hirondelle, keken ɗinki Omnia, ƙugiyar kamun kifi, fitila, tukunya, sannan tufafin mafarauta da manoma da masu aikin hannu. Da yake ƙauyawa suke sayar wa waɗanda ba za su taɓa kayan ba sai sun iso, dole su yi bayani dalla-dalla, wane yadi ne, aljihu nawa, maɓalli nawa, yadda za ka auna ƙirjinka da tsawon ƙafa ka aika musu. Ga tela wannan ƙaramin rubutun da ke ƙasan zane ya fi zanen kansa amfani nesa ba kusa ba. Kuma ni a ganina tsofaffin da aka zana da hannu sun fi na hoto, domin mai zanen yana fito da layin ɗinki ƙarara, shi kuwa mai hoto murmushin saurayin da ya sa rigar ya dame shi.

Jaket ɗin kanta in ka zauna ka ƙare mata kallo ba ta da wani rikici. Aljihu uku a waje duk ɗorawa aka yi ba yankawa ba, biyu manya a ƙasa ɗaya ƙarami a ƙirji, wani a ciki, kwala mai sauƙi, jikin a miƙe babu matsewa a ƙugu don mutum ya iya sa suwaita a ƙasa lokacin sanyi. Sirrin yana yadin, moleskine, auduga ce da aka saƙa a matse sosai har fuskarta tana ɗan sheƙi, sabuwa tana da tauri, in ta sha wanki sai shuɗin ya koɗe a gwiwar hannu da bakin aljihu, wannan koɗewar ita 'yan gayu ke biyan kuɗi a kanta yanzu. Akwai kuma wandon kafintoci da ake kira largeot, wanda ake dangantawa da Adolphe Lafont na Lyon, faffaɗa a cinya matsattse a idon sawu, kamar bujen mutanen da. Sunayen da za ka riƙa cin karo da su a wannan ɓangaren su ne Lafont, Le Mont Saint Michel, Vétra, Le Laboureur, sai babban kantin Belle Jardinière na Paris wanda ya yi suna wajen yunifom da kayan sana'a.

Batun inda ake samu. Kyauta tukuna: Gallica, wato laburaren ƙasar Faransa na intanet, da Internet Archive, akwai tsofaffi da yawa da aka ɗauka shafi-shafi, sai dai yawanci na kafin yaƙin duniya na biyu ne, na baya-baya ba su cika fitowa ba. Kuma dole ka nema da yaren masu kayan, in ka rubuta da Ingilishi shagunan zamani kawai za su fito maka. Na Faransa vêtements de travail, na Jamus Berufskleidung. Na saye kuma akwai shafukan saye da sayarwa na intanet, Delcampe da eBay da Leboncoin, sai kasuwannin tsofaffin kaya na ranar Lahadi, da babbar Braderie ta Lille a farkon Satumba wadda gari gaba ɗaya ke komawa kasuwa. A can gara ka duba kwalayen da ke ƙarƙashin tebur wajen masu kwashe kayan gidan da tsoho ya rasu, don dillalan littattafai sun riga sun san farashi.

Abin da ke ba ni haushi masu yage shafuka suna sayarwa ɗai-ɗai a matsayin hoton ratayawa a ɗaki. Wani na saya a intanet, hoton bangon littafin tsaf, da ya iso ɓangaren tufafin maza gaba ɗaya an zare shi da reza, mai kayan ya ce shi bai lura ba. Tun daga nan sai an turo min hoton shafin jerin abubuwan ciki da na shafukan da nake so kafin in biya. Sai nauyi, na shekarun 1970 da 1980 wasu sun haura shafi dubu, kuɗin aikawa ya kan fi kuɗin littafin. Akwai kuma waɗanda aka sake bugawa daga baya, ga mai neman yanka babu laifi, amma kar a sayar maka a kuɗin na asali, takardar ta fi fari ta fi kauri.

Da yawa bangon ya yage babu shekara, to farashin ciki ne zai gaya maka. Na Faransa in ka ga NF a jikin farashi to daga 1960 ne zuwa 'yan shekaru kaɗan bayanta, lokacin da suka mayar da tsohon faran 100 ya zama sabo 1. Na Ingila, su Kays da Littlewoods da Freemans da Grattan, in farashin fam da sule ne to kafin Fabrairun 1971 ne, irin lissafin da iyayenmu suka yi kafin naira ta zo a 1973. Na Jamus kuma lambar gari ta gidan waya da ke adireshi za ka duba, in lambobinta sun kai biyar to 1993 ne zuwa sama.

Na Jamus ɗin ma abin nema ne in kayan yawo kake so, Quelle da Neckermann da Otto. Otto sun fitar da katalog ɗinsu na farko a 1950 da takalma 28 a kwafi 300 kawai, suka buga babban katalog ɗinsu na ƙarshe a 2018. Su kuma Jamusawa kafintocinsu har gobe suna sa baƙin wandon kodiroi mai zip biyu a gaba da falmaran, wani yanka ne daban da na Faransa.

Na ɗauki shafukan a waya na fassara masa ma'aunan na tura. Ya ɗinka ta farko da kaki mai kauri don moleskine bai samu ba, ya kai aka rina, kwastoman ya karɓa har ya kawo abokinsa. Da na ce zan sayo tsohuwa ta gaske in aiko masa ya warware ya ga cikinta sai ya yi dariya ya ce in bar kuɗina, ya ga irinta a dilar gwanjo an zube a ƙasa babu mai tayawa, yanzu dai ya sa wani yaro yana tsinto masa su.