Godiya ga waɗanda suka riƙe ni bayan arba'in

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo da Asawase a nan Kumasi, da duk wanda wannan saƙo ya iske.

Jiya tagwayena suka cika wata 6. Mun je awo, aka ɗora su a sikeli, nas ta duba katinsu ta ce a fara ba su koko. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke ma fuskarki ta dawo." Tun daga nan har gida ina share hawaye a cikin pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya. Akwai mutanen da nake bin kaina bashin godiyarsu, yau zan rage.

Ranar suna gidanmu ba masaka tsinke. Na gode wa duk wanda ya zo, da masu atamfa da masu sabulu da waɗanda suka turo kuɗi ta waya, ta MoMo. Innata ta taso daga Tamale ta zauna da ni, ita ce tafasa ruwan wanka safe da yamma, tana lallaɓa ni saboda ɗinkin aiki, ita ce dama kunu, ita ce goyon ɗaya in ina shayar da ɗaya. Inna, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Amma da aka yi arba'in ta koma, don Baba ma ba lafiya gare shi ba. Sai gida ya yi tsit, aka bar ni da jarirai biyu da yayansu ɗan shekara 3.

A nan na san ana iya yin barci a tsaye. Wannan ya yi shiru, wancan ya ɗauka. Wanki ba ya ƙarewa, kuma in damina ta kama Kumasi kun san shanya sai ta kwana biyu ba ta bushe ba. Na taɓa ɗora ruwan zafi na manta har tukunya ta ƙone. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, kowa ya shigo sai ya ce "ya yara?" In na ce na gaji, a ce, "Yi haƙuri, wasu nema suke ba su samu ba." Gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai bayan an faɗa mini ita, gajiyar na nan, ga kunya an ƙara mini a kai. Na daina faɗa.

Wani dare an ɗauke wuta, zafi, sauro, su biyun suna tsala ihu, babban ya yi fitsarin kwance ya tashi yana kirana. Na kai masa mari. Yaron da bai san komai ba. Na ajiye jariran a katifa, na fita tsakar gida wajen famfo na zauna a ƙasa ina kuka, ƙarfe biyu na dare.

Maƙwabciyata, Maame, Ba'asantiya ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Ta fito da tocila, ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ɗakina ta goya ɗaya, ta rungumi ɗaya, ta ce da ni da Twi in je in kwanta a gadonta. Na yi barcin awa huɗu a jere, rabona da haka tun ina da ciki. Washegari ta kawo mini miyar kwakwa da abeduru, wani ɗan ƙaramin gauta, wai tana ƙara jini. Har yau ba ta ba kowa labarin daren nan ba, ni ce nake tonawa da bakina. Maame, medaase, na gode.

Ita ce kuma ta matsa sai na faɗa wa nas a wajen awo. Nas ɗin ta ja ni gefe ta ce kukan da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko yakan wuce cikin sati biyu, amma in ya zarce, ga rashin cin abinci, ga jin kamar ba ki iya komai ba, to ciwo ne mai suna, damuwar bayan haihuwa, kuma ana maganinsa. Ta haɗa ni da likita. Ba ta ce mini imanina ne ya yi rauni ba. Sista, kin san kanki.

Maigida, kai ma sai na faɗa ko za ka ji nauyi. Ka dawo daga Suame Magazine, unguwar makanikai, hannu duk baƙin mai, ka tsuguna kana wanke kayan jarirai a bainar 'yan gidan haya. Na ji wanda ya kira ka mijin-ta-ce, na kuma ji ka ce masa 'ya'yanka ne.

Matan susu ɗinmu, wato adashe, sun ba ni kwasa tun kafin layina ya zo, da shi na ɗauki mai taya ni wanki. Hajiya mai waakye, shinkafa da wake, ta bakin titi ta yi wata biyu tana aiko mini da na safe, in na aika kuɗi ta maido. Shugabar makarantar da nake koyarwa ita ta sanar da ni cewa dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba mai haihuwa sati 12, mai tagwaye kuma ana ƙara mata biyu, da awa ɗaya ta shayarwa in ta koma aiki. Ni duk ban sani ba. Ƙanwar maigida kuma ta riƙa ɗaukar babban zuwa makarantar allo tana dawo da shi. Shi ma na roƙe shi gafara, ya ce in saya masa yogot, an daidaita.

Allah ya biya ku, ya raya muku naku, ya ba masu nema.

Kulolin abinci guda biyar na nan wajena, na wanke su. Huɗu na san masu su, zan aiko ran Juma'a. Shuɗiyar mai karyayyen hannu ce na rasa ta wace ce, don Allah mai ita ta yi mini magana.